Kundin aikin tsare ƙofofin rumbun bayanan manoma, Birnin Kebbi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda aikin da na zaci na yini biyu ne ya nuna alamar zai ci makonni, kuma ina so duk wanda ya gaje ni a kujerar nan ya tarar da dalilin kowane abu a rubuce.

Kamfaninmu na ba manoman shinkafa bashin taki da iri da man injin ban ruwa, su biya da shanshera bayan girbi. Manomanmu suna Argungu, Augie, Suru, Bagudo da Yawuri. Rumbun bayananmu, wato manhajar da ke ajiye bayanan kamfani a kwamfuta, na Oracle ne, kuma a cikinsa akwai sunan kowane manomi, lambar wayarsa, BVN da NIN ɗinsa, asusun bankinsa, girman gonarsa da bashin da ke kansa. A ƙarshen Disamba muka bar tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da rumbun ke zaune a kai, mai Oracle 11.2.0.4 muka koma sabuwa mai 19c. Da Data Pump, manhajar Oracle ta kwashe bayanai, na kwashe kayan, asusu bayan asusu (asusun shiga rumbu nake nufi, ba na banki ba), komai ya sauka lafiya, muka yi hamdala.

Yau da hantsi wakilinmu na Argungu ya kira, ya ce an sauke taki a sito tun Asabar amma manomi ko ɗaya bai samu saƙon tes na ya zo ya ɗauka ba, ga noman rani ya kankama. Na duba, sai na tarar aikin tura saƙon yana faɗuwa kullum da kuskure mai lamba ORA-24247, wanda ma'anarsa ita ce jerin izini ya hana wannan asusu fita zuwa wata kwamfuta ta waje. Dalilin a fili yake. Jerin izinin fita ba ya cikin kayan kowane asusu, na rumbun ne gaba ɗaya, don haka kwashe asusu ɗai-ɗai bai taho da shi ba.

Na kunna tsohuwar saba don in ga yadda aka tsara shi in kwafo. Abin da na gani ya sa na zauna shiru. Layi ɗaya ne tak: alamar tauraro a gurbin adireshi, an ba PUBLIC. Wato kowane asusu da ke cikin rumbun yana da damar tuntuɓar kowace kwamfuta a duniya ta kowace ƙofa, wato mashigar sadarwa mai lamba da kwamfuta ke karɓar kira ta ciki. Shekaru ke nan a haka.

Ban kwafo shi ba. Na buɗe wa asusun saƙo hanya zuwa adireshin kamfanin da ke tura mana tes, ta ƙofa 443 kaɗai. Kafin la'asar saƙonni sun fara shiga wayoyin manoma.

Laraba, 15 ga Janairu

Yarinyar da ke bautar ƙasa a sashenmu ta tambaye ni me ya haɗa rumbun bayanai da fita waje, tunda a makaranta an koya musu cewa shi ajiya yake yi, a tambaye shi ya ba da amsa. Tambayar ta yi ma'ana, bari in rubuta amsar a nan.

Oracle na zuwa da wasu ƙunshin umarni da ke ba rumbun baki da ƙafa. UTL_HTTP na buɗe shafin intanet ya karanta ko ya aika masa bayani. UTL_SMTP da UTL_MAIL na tura imel. UTL_TCP na buɗe hanya kai tsaye zuwa kowace ƙofa. UTL_INADDR kuma na tambayar lambar adireshin da ke bayan suna. Yawancinsu tun daga lokacin girka rumbun an ba PUBLIC damar kiransu. A Oracle 10g da waɗanda suka gabace shi, duk mai wannan dama yana iya zuwa ko'ina, babu mai tambayarsa. Sai a 11g, wanda ya fito a 2007, aka kawo jerin izini da ƙunshin DBMS_NETWORK_ACL_ADMIN, ta yadda samun damar kiran UTL_HTTP bai wadatar ba, sai an rubuta sunanka da wurin da za ka. Masu gaggawa da yawa da suka haɗu da ORA-24247 a wancan lokaci sai suka sa tauraro suka wuce, suka maida gidan yadda yake kafin a sa masa ƙyaure. Namu ma abin da ya faru ke nan.

Yau mun fara ƙidaya. Daga DBA_DEPENDENCIES, jerin da ke nuna wane umarni ke dogaro da wane, muka fito da duk ajiyayyen umarnin da ke jingine da waɗancan ƙunshi, sannan muka bi DBA_SOURCE, inda rubutun umarnin yake, muna neman sunayensu a cikin rubutu, saboda umarnin da ake haɗawa a lokacin aiki ba ya bayyana a jerin farko. Asusu 14 muke da su na aiki. Biyar ne kawai muka ga suna taɓa waje.

Litinin, 20 ga Janairu

Alhaji, shugaban sashen kuɗi, ya kira ni ofishinsa. Rahoton da yake samu ta imel kowace safiya bai zo ba tun sabuwar shekara.

Ya ce, "Injiniya, wanga abu da can yana aiki lafiya lau. Mi yas sa ba ka maishe shi yadda yake ba mu huta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti biyar in nuna maka."

Na buɗe rumbun gwaji, wanda na sa masa tauraro irin na tsohuwar saba. Na shiga da asusun rahoto, wanda ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya, karatu kawai yake yi. Na rubuta tambaya mai layi ɗaya wadda ta ɗauko lambar wayar wani manomin ƙarya da na ƙirƙira, ta maƙala ta a jikin adireshi, ta aika ta UTL_HTTP zuwa kwamfutata da ke kan teburinsa. Lambar ta fito a allo a gabansa. Na gaya masa cewa ba sai mutum ya san kalmar sirri ba ma. Idan akwai akwatin rubutu ɗaya a manhajar wakilanmu da ba a tace abin da ake shigarwa ba, ɓarawo na iya cusa irin wannan tambaya daga wayarsa. Ko an toshe masa shafukan intanet, yana iya amfani da UTL_INADDR ya liƙa bayanin a jikin sunan adireshi ya ce a nemo masa lambarsa, tambayar ta bi hanyar neman suna har ta isa sabar da ke hannunsa. Wannan tsohuwar dabara ce da masu kutse suka daɗe da sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa bangon ne ma babu.

Ya yi shiru, ya ce, "Har BVN?" Na ce har BVN, har lambar asusu. Mutumin Augie da ya dangwala yatsa a takardarmu don buhu huɗu na taki bai san mene ne rumbun bayanai ba. Abin da ya sani shi ne ya ba mu amana. Idan gobe wani ya kira shi da sunansa da sunan ƙauyensu da adadin bashinsa, ya ce daga banki ne, ya faɗi lambar da aka turo masa, zai faɗa, kuma mu ne sila. Na kuma tuna masa cewa tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Ya ce, "Awo, na gane. Yi aikinka. Amma rahotona ya dawo kafin ƙarshen wata." Na yi masa alkawari.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kwana biyu ina rubuta izini. Tun daga 12c an bar tsohuwar hanya ta CREATE_ACL da ADD_PRIVILEGE da ASSIGN_ACL, wadda ke ajiye jerin a matsayin fayil a XML DB. Har yanzu suna aiki a 19c, amma Oracle ya ce a daina dogaro da su. Sabuwar hanyar ita ce APPEND_HOST_ACE: ka ba shi adireshi, ƙofar farko da ta ƙarshe, irin izinin, da sunan wanda za a ba. Ta fi tsohuwar tsabta nesa ba kusa ba, musamman saboda an rarraba izinin. Akwai http, akwai smtp, akwai resolve na neman lambar suna, akwai connect wanda ya fi su faɗi. Asusun saƙo http kawai na ba shi, na cire connect ɗin da na ba shi cikin gaggawa ranar 13, saboda ba shi da abin yi da UTL_TCP.

Ƙananan abubuwa biyu da na rubuta wa yarinyar a allo: sunan asusu da manyan haruffa ake rubuta shi kamar yadda yake a rumbu, kuma resolve ba a haɗa shi da lambar ƙofa, layinsa daban ne.

Babban abin da ya cinye mini yini shi ne maganar rawani. A ofishinmu haka muke kiran rukunin izinin da ake naɗa wa asusu a cire lokacin da aka ga dama. Na yi tunanin in haɗa rawani ɗaya na masu tura saƙo, in ba shi izinin fita, duk mai buƙata in naɗa masa. Na gwada da hannu daga asusun, ya yi aiki. Aikin dare ya tashi, ya faɗi da ORA-24247. Na sake gwadawa da hannu, ya yi. Sai bayan azahar abin ya faɗo mini: ajiyayyen umarnin da aikin dare ke kira yana gudana ne da ikon mai shi, kuma a irin wannan yanayi Oracle na tuɓe duk rawunna kafin ya shiga. Abin da aka ba asusun kai tsaye da sunansa shi kaɗai ke tsayawa. Daga nan kuma wani abu ya fito fili wanda ya fi kuskuren muhimmanci: a irin wannan umarni, wanda ake dubawa a jerin izini shi ne mai umarnin, ba wanda ya kira shi ba.

Wannan ya ba ni tsarin da na fi so. Asusu ɗaya ne zai mallaki duk umarnin da ke fita waje, shi kaɗai ke cikin jerin izini, kuma an kulle shi, babu mai shiga da shi. Sauran asusu ba su da hanyar fita ko ɗaya. Abin da suke da shi shi ne damar kiran umarni mai suna tura saƙo, su ba shi lambar manomi da rubutu, shi ya san inda zai kai. Ba su zaɓen adireshi. Kamar gidan da ɗan aike ɗaya ne ke fita kasuwa, kowa ya ba shi saƙo, kuma an san rumfunan da yake zuwa.

Talata, 28 ga Janairu

Bankin da muke biyan manoma ta wurinsa ya ba mu adireshin da za mu riƙa tabbatar da sunan mai asusu kafin a tura kuɗi. Na ba da izinin ƙofa 443, kuskuren ya canza zuwa ORA-29024. Wannan ci gaba ne: jerin izini ya bar mu mun fita, amma rumbun bai yarda da takardar shaidar da sabar bankin ta nuna ba. Burauzar waya na zuwa da tarin takardun hukumomin da ta amince da su. Rumbunmu kuwa sai abin da aka sa masa a lalita, wato fayil ɗin da yake ajiye takardun shaidar da ya amince da su.

Da orapki, manhajar Oracle ta wannan aiki, na haɗa lalitar, na sa takardar tushe da ta tsakiya, wato na hukumomin da suka tsaya wa takardar bankin, ban sa ta sabar kanta ba saboda ita ake yawan canzawa.  Na maida lalitar mai buɗe kanta don kada a rubuta kalmar sirrinta a cikin umarni, na ajiye ta a babban fayil da asusun Oracle na sabar kaɗai ke iya karantawa.

An ɗauke wuta sau uku yau, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar na'urar sanyaya ɗakin saba. Mun wanke ta da yamma.

Juma'a, 31 ga Janairu

Rahoton Alhaji ya dawo. UTL_MAIL ba ya iya gabatar da suna da kalmar sirri ga sabar imel, don haka na kafa ƙaramar saba ta cikin gida da ke karɓa ta ƙofa 25 daga rumbu kaɗai, ita ta miƙa waje ta 587. Na saita ta kada ta karɓi wasiƙar da za ta je wani adireshi da ba na kamfaninmu ba. A jerin izini, smtp zuwa wannan saba ɗaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Saƙon tes ya sake tsayawa jiya da dare. Wannan karon ba jerin izini ba ne. Kamfanin saƙon ya canza lambar adireshinsa, katangar tsaro ta ofis kuma, wadda ke tace abin da ke shiga da fita ta hanyar sadarwa, da lamba aka rubuta mata. Jerin izinin rumbu da suna na rubuta shi, shi ya sa bai girgiza ba. Abokin aikina mai kula da hanyar sadarwa ya gyara nasa ɓangaren.

A wajen bincike yarinyar ta gwada sa lambar adireshin kai tsaye a madadin suna, sai ta samu ORA-24247, ta zo da mamaki tunda wuri ɗaya ne. Oracle yana duba abin da aka rubuta a kiran ne. Izinin da aka ba suna bai shafi lamba ba, kamar yadda localhost da 127.0.0.1, suna da lambar da kwamfuta ke kiran kanta da su, kowanne ke buƙatar layinsa.

Na kuma yi mata bayanin wanda ke gaba da wani idan layuka suka haɗu a kan adireshi ɗaya. Cikakken suna shi ake fara dubawa, sannan mai tauraro a gaban dogon yanki, wato ƙarshen suna da kwamfutoci da yawa suka yi tarayya a kai, sannan mai tauraro a gaban gajere, tauraro tsura shi ne na ƙarshe. Layin da aka faɗi ƙofarsa yana gaba da wanda ba a faɗa ba. Mu dai na yanke cewa ba za a sa tauraro ko a gaban yanki ba. Kamfanin saƙon ya nemi mu buɗe duk yankinsu don sauƙi, na ce su ba mu sunaye ko da goma ne, zan rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka turo.

Talata, 11 ga Fabrairu

Yau ce rana mafi nauyi tun da na fara.

Tun ranar 15 ga Janairu na san asusu biyar ke taɓa waje. Huɗu na gano aikinsu na maida su ƙarƙashin ɗan aike. Na biyar, wani tsohon asusun rahoto, na bar shi a rufe da niyyar in ga wanda zai zo ya yi ƙorafi. Wata guda babu wanda ya zo. Yau na buɗe tarihin ayyukan DBMS_SCHEDULER, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, na tarar kowane dare ƙarfe biyu wani aiki na wannan asusu na tashi ya faɗi da ORA-24247. Na buɗe umarnin na karanta. Yana tattara sunayen manoma da lambobin wayarsu da ƙauyukansu da bashinsu, ya tura ta imel zuwa wani akwati na waje.

Na kai wa Alhaji. Ya duba adireshin ya gane shi: na wani mai ba da shawara ne da aka ɗauka ya tantance bashi, wanda aikinsa ya ƙare tun 2022. A lokacin da izini aka yi, shugabanni sun sa hannu. Da ya tafi aka karɓi katin shiga ofis da kwamfutar da aka ba shi, amma ba wanda ya tuna da aikin dare, saboda ba ya cikin kowace takarda, kuma tauraron nan bai taɓa tambayar kowa ina za shi ba. Sama da shekara biyu sunayen mutanenmu na fita kowane dare. Abin da ya tsayar da shi kawai shi ne ban kwafo layin nan ɗaya ba ranar 13 ga Janairu.

Ban san mutumin ba, kuma ba na zarginsa da komai. Mai yiwuwa ya daina buɗe akwatin tuntuni. Amma akwatin imel da aka yi watsi da shi ya fi kowanne sauƙin faɗawa hannun wani. Da na koma teburina na kasa ci gaba da aiki na ɗan lokaci, ina tuna fuskokin dattawan da na gani a layin rajista a Suru.

Na tsayar da aikin, ban goge shi ba, na adana tarihinsa a matsayin shaida. Alhaji ya kira lauyan kamfani nan take. Dokar 2023 ta ce idan aka gano ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukuma cikin awa 72. Lauya ta ce a rubuta, kada a tsaya jayayya kan ko wannan ya kai ɓaraka. Na goyi bayanta. An kuma rubuta wa mutumin a nemi ya goge duk abin da ke akwatin ya tabbatar a rubuce.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An aika takardar hukuma ranar Alhamis da ta wuce, cikin wa'adi. Mutumin ya amsa, ya ce ya goge.

Abin da ya faru ya sa na koma neman hanyoyin da jerin izini bai rufe ba, domin kada mu ɗauka mun gama alhali taga na buɗe. Mahaɗar da ke haɗa rumbu da wani rumbu ba ta bin wannan jeri. Umarnin Java da ke cikin rumbu nasa izinin daban ne, ta DBMS_JAVA ake ba shi. Ayyukan DBMS_SCHEDULER da ke tayar da manhaja a kan sabar kanta su ma sun fita daga hurumin jerin, domin da zarar sun tashi ba rumbun ke magana ba. Na duba DBA_DB_LINKS na tarar da mahaɗa biyu, ɗaya zuwa tsohuwar sabar da muka kashe, ɗaya zuwa wata lamba da ba wanda ya gane ta. Na goge su duka, na karɓe ikon ƙirƙirar mahaɗa da na tayar da aikin waje daga duk asusun aiki.

Sannan muka zauna da mai kula da hanyar sadarwa muka rufe fita daga sabar rumbu a katangar tsaro gaba ɗaya, ban da wurare huɗu: kamfanin saƙo, banki, sabar imel ta gida, da sabar neman suna ta gida. Jerin izini ya san wane asusu ne ke son fita amma ba ya ganin duk hanyoyi. Katanga na ganin duk hanyoyi amma ba ta san asusu ba. Shi ya sa nake son su biyun.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Manhajar da wakilanmu ke amfani da ita a waya an gina ta ne da APEX, kayan aikin Oracle na gina manhaja a kan rumbu, kuma akwai shafi ɗaya da ke kiran banki ta APEX_WEB_SERVICE. A irin wannan kira, asusun APEX kansa ake dubawa a jerin izini, wanda sunansa ke ɗauke da lambar fitowa, namu APEX_230200. Abu biyu ban so ba. Izinin da aka ba wannan asusu ya zama na duk manhajar da ke kan APEX ɗin, kuma sunan zai canza ranar da muka sabunta. Na sa aka canza shafin ya riƙa kiran ɗan aikenmu. Layi shida ne aka gyara.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na karɓe damar kiran UTL_HTTP, UTL_SMTP, UTL_TCP da UTL_INADDR daga PUBLIC. Wannan aiki ne da ke son natsuwa, domin akwai ƙunshin Oracle kansa da na APEX da suke jingine da wannan dama, idan ka zare ta kai tsaye sai su lalace. A rumbun gwaji na fara: na fito da jerin masu jingina, na ba kowanne damar da sunansa, na zare ta PUBLIC, na gudanar da utlrp.sql mai sake haɗa umarnin da suka lalace, na ƙirga abin da ya lalace. Sau uku na maimaita kafin ƙidayar ta koma sifili. A rumbun aiki na yi shi bayan isha'i, minti ashirin ya ɗauka.

Masu binciken kuɗi na waje za su zo a Maris, sun ce manhajarsu na buƙatar rumbun ya aika wasu alƙaluma zuwa sabarsu. Na tambayi waɗanne, aka cire sunaye da lambobi aka bar jimilla. Layin izininsu na sa masa ranar farawa da ranar ƙarewa, abin da APPEND_HOST_ACE ke karɓa tun asali. Ranar 31 ga Maris zai mutu da kansa ko na manta ko ba na nan. Da an yi wa mai ba da shawarar nan haka, da ba mu rubuta wa hukuma takarda ba. Daga yau duk wanda ba ma'aikacin dindindin ba ne, izininsa da wa'adi.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya shiga tun Asabar, muna tashi ƙarfe uku. Jiya na bi motar kamfani zuwa Argungu don a nuna wa wakilai sabon shafin. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, injinan ban ruwa na ta ruri. Shugabanni sun yanke cewa a sanar da shugabannin ƙungiyoyin manoma abin da ya faru, kuma a gargaɗe su kan masu kira da sunan banki. Ni aka sa in yi bayani, kuma na ji nauyinsa.

Na faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, sunayen namu da sunka fita, ana iya maido su?" Na ce, "Baba, wanda ya karɓa ya ce ya goge, amma ba zan rantse maka a kan abin da idona bai gani ba. Abin da zan iya ce maka shi ne hanyar da suka bi an toshe ta, kuma BVN da lambar asusu ba sa cikin abin da ya fita." Ya gyaɗa kai, ya ce to duk wanda ya kira shi zai ce ya zo sito su haɗu ido da ido. Na ce haka muke so kowa ya yi, kuma kamfani ba zai taɓa neman lambar sirri ta waya ba.

Laraba, 12 ga Maris

Yau DBA_HOST_ACES na nuna layi bakwai. Shida na ɗan aike ne, ɗaya na masu bincike mai wa'adi. Kowane layi yana da takarda a fayil: wanda ya nema, dalili, wanda ya amince, da ranar da za a sake dubawa. Na kunna sa ido a kan duk wanda ya kira DBMS_NETWORK_ACL_ADMIN, kuma yarinyar ta rubuta ɗan umarni da ke kwatanta jerin da na makon jiya kowace Litinin ya turo mana bambanci. Ita ta rubuta shi daga farko har ƙarshe, na duba ban canza komai ba. Za ta gama bautar ƙasa a watan Yuni, na rubuta wa shugabanni a riƙe ta.

An ƙara layi a takardar sallamar ma'aikaci da ɗan kwangila: a duba ayyukan dare da jerin izini da mahaɗa kafin a sa hannu.

Abin da ya rage: rumbun gwaji har yanzu yana da tauraron da na sa don nuna wa Alhaji, gobe zan cire shi da REMOVE_HOST_ACE, kuma zan maye gurbin bayanan da ke cikinsa da na ƙarya. Takardar tsakiya ta bankin da ke lalita tana da ranar ƙarewa, na sa tunatarwa wata guda kafin ta. Sabar ajiyar ko-ta-kwana da ke ofishinmu na Yawuri ban taɓa duba katangarta ba, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu zan je da kaina.